Wanda Ya Ci Gida, Sunan Wa Za a Rubuta?

Akwai wani wasa a duniya wanda a littafinsa babu kalmar cin gida. Ƴan wasan suna kuskure kamar kowa, har irin kuskuren da ƙato ke zubar da hawaye a kansa, amma in an zo rubutawa ba a sa sunan wanda ya yi shi. Wasan shi ne ƙwallon gora na kan ƙanƙara, wanda mutanen Kanada suka riƙe kamar yadda muka riƙe kokowa. Na san wani zai yi dariya ya ce, mu nan Cirozerin da ƙanƙararmu duka ba ta wuce ta cikin leda a gidan mai firjin ba, ina ruwanmu da masu tsere a kanta? Ka ɗan yi haƙuri da ni, ɗan uwa. Tambayar da ke cikin dokar nan tana tare da mu a filin balo, tana tare da mu a aji, har wurin aikin iyayenmu ta bi mu.

Bari in fara da yadda wasan yake, don yawancinmu ko a tele ba mu taɓa tsayawa mun kalle shi ba. Kowane ɓangare mutum shida ne a fili, biyar da gola. A ƙasan takalmansu akwai ƙarfe kamar bakin wuƙa, da shi suke zamewa, a hannu kuma sanda mai lanƙwasa. Abin da suke bugawa wani ɗan faifai ne na baƙar roba mai tauri, faɗinsa bai kai tafin hannu ba, nauyinsa wajen giram 170. Ana zagayawa ta bayan raga, wasa bai tsaya ba. Canjin ƴan wasa ma ana cikin gudu ake yin sa: wanda ya gaji ya tsallake katanga ya zauna a benci, wani ya diro. Ku riƙe wannan na ƙarshe, zai yi mana amfani.

Dokar babbar gasarsu ta Amurka da Kanada, NHL, gajera ce. In ɗan wasa ya sa faifan a ragarsu, ta kowace hanya, ci ya tabbata. Sunan da za a rubuta shi ne na ɗan ɓangaren da ya amfana wanda ya taɓa faifan a ƙarshe. Kuma in da kansa ya buga faifan cikin ragarsu, ba a rubuta wa kowa taimako, alhali a ci na yau da kullum ana iya rubuta wa har mutum biyu. Shi ke nan.

To ga yadda dokar take in ta haɗu da mutane. Ran 30 ga Afrilu 1986, a birnin Edmonton na Kanada, ƙungiyar garin, Oilers, ta kara da maƙwabciyarta Calgary Flames. Karawa ta bakwai ce kuma ta ƙarshe a tsakaninsu, wanda ya faɗi ya fita daga neman kofin Stanley, babban kofinsu. Oilers ce ta ɗauki kofin a 1984 da 1985, ga ta da Wayne Gretzky, wanda har yau in ana lissafin gwanayen wasan da shi ake farawa. Ana cikin zango na uku, ci 2 da 2, sai wani ɗan Calgary mai suna Perry Berezan ya tura faifan can wajen bayan ragar Edmonton, ya juya ya nufi benci don a canza shi. Wani sabon ɗan baya na Edmonton, Steve Smith, wanda a ranar ce ya cika shekara 23 da haihuwa, ya ɗauki faifan daga bayan ragarsu, ya nemi ya miƙa wa abokinsa can gaba. Faifan ya daki ƙafar golansu, Grant Fuhr, ya koma cikin raga. Smith ya zube a kan ƙanƙara. Haka aka tashi 3 da 2, masu riƙe da kofi suka koma gida.

A littafi, wanda ya ci wannan ƙwallo da ta raba gardama shi ne Perry Berezan, mutumin da lokacin da faifan ke shiga ya riga ya bar fili. Sunan Smith ba ya wurin.

Wani lokaci abin har dariya yake ba mutum. Ran 28 ga Nuwamba 1979, ƴan Colorado Rockies sun fitar da golansu sun sa ƙarin mai kai hari, don alƙali ya ɗaga hannu kan wani laifi da ƴan New York Islanders suka yi, kuma a dokarsu ba a busawa sai masu laifin sun karɓe faifan. Bugun da suka yi ya daki golan Islanders, Billy Smith, a ƙirji. Rob Ramage na Colorado ya ɗauka ya mayar baya, ashe ba kowa a wurin, faifan ya zame tsawon filin har cikin ragarsu da ba mai tsaro. Billy Smith ya zama gola na farko a tarihin NHL da aka rubuta wa ci. Bai buga komai ba, ƙirjinsa kawai aka daka.

Mu a balo mun san yadda ake yi. Tele ta nuna sunan mutum, ta manna masa haruffa uku, csc, wato ya ci gidansu. Sunan yana zaune ƙarƙashin ƙungiyar da ba tasa ba, kamar wanda aka tarar a ɗakin maƙwabta da tsakar dare. Ƙa'idar da aka fi bi ita ce, in bugun dama raga ya nufa, ya gogi jikin ɗan baya ya shiga, to na mai bugu ne. In kuwa da waje za ta wuce, ɗan baya ko gola ya karkato da ita, to shi za a rubuta.

Wannan ƙa'ida ta taɓa cin wani na kusa da mu. Ran 13 ga Yuni 1998, a Nantes ta Faransa, Najeriya ta kara da Sipaniya a Kofin Duniya. Sipaniya na gaba 2 da 1. A minti na 73 Garba Lawal, ɗan Kaduna, ya kutsa ta hagu har kusa da layin ƙarshe, ya buga ta ƙasa-ƙasa ta gaban raga. Andoni Zubizarreta, golan da ya yi wa ƙasarsa wasa 126, ya miƙa hannu, ƙwallon ta daki hannun ta shige. Minti biyar bayan haka Sunday Oliseh ya narka ta uku daga nesa, aka tashi 3 da 2. Ka tambayi yayanka ko kawunka da ya kalli wasan a Agadas ko Maraɗi, wa ya farke? Zai ce maka Garba Lawal, ba zai ma yi tunani ba. A lissafin FIFA kuwa Zubizarreta ne ya ci gida. Da dokar masu ƙanƙara aka bi, da sunan ɗan Kaduna ne a wurin.

Ga littattafai biyu ke nan. Ɗaya ya hana Lawal abin da ya yi gumi a kansa. Ɗayan ya ba Berezan abin da ya same shi a zaune. Wanne ya fi kusa da adalci?

A fada, in an ta da zancen, mafi yawa suna tsayawa bayan littafin balo, kuma hujjarsu ba ƙarama ba ce. Suka ce, aikin littafi shi ne ya faɗi abin da ya faru. Ƙafar wa ta sa ƙwallo a raga? To a rubuta shi. In ka fara gyara labari don kar ran wani ya ɓaci, gobe za ka gyara shi don wani ya ba ka jaka biyu. Mai ƙarya don tausayi da mai ƙarya don kuɗi, hannu ɗaya suka koya. Ina girmama wannan magana, kuma can gaba zan nuna inda nake ganin ba ta da makawa.

Amma ina ganin akwai abin da suka tsallake. Littafin balo ma ba dukan abin da ya faru yake faɗa ba. Abin da ya zaɓa shi ne jikin da ƙwallo ta taɓa a ƙarshe, littafin ƙanƙara kuma ya zaɓi jikin abokin hamayya da ta taɓa a ƙarshe. Kowanne ya yanki daƙiƙa ɗaya daga cikin doguwar tafiya ya ce nan ne labarin yake. Ina ɗan tsakiyar da ya zubar da ƙwallo tun farko? Ina wanda aka wuce kamar turke bai ko juya ba? Ina wanda ya tsaya can gaba hannu a ƙugu yana kallo? Duk waɗannan suna da hannu a cin, kuma ba harafi ko ɗaya a gefen sunansu.

Abin da ya fi damuna ke nan, kuma a kansa nake so mu daɗe. Ku lura da su waye ke cin gida. Joseph Yobo, kapitan ɗin Najeriya, da Faransa a 2014, ana dab da tashi, yana ƙoƙarin riga Griezmann kai wa ƙwallo, kuma wasansa na ƙarshe ke nan wa ƙasarsa. William Troost-Ekong, da Aljeriya a wasan kusa da ƙarshe na Kofin Afirka a 2019, bugun Mahrez ya same shi yana tsaye inda ya kamata ɗan baya ya tsaya. Mario Mandžukić na Kuroshiya, a wasan ƙarshe na Kofin Duniya na 2018: shi ɗan gaba ne fa, da ya so da ya tsaya can tsakiya yana jira, amma ya dawo taya ƴan baya tsaro, ya yi tsalle, ƙwallon ta gogi kansa ta shiga. Ba ka cin gida sai kana kusa da gida. Rago ba ya cin gida, don lokacin da wuta ta kama shi yana nesa. Wanda ya ruga da baya, ya miƙa ƙafa cikin cunkoso, ya san in bai taɓa ba wani na bayansa zai taɓa, shi ne ke kan layin wannan kunya. Littafin da ke manna masa csc ya bar wanda ya tsaya kallo da farar takarda, mi yake koya wa yaron da ke kallo? Yana koya masa cewa janye ƙafa ya fi aminci.

Mun ga irin wannan a aji. Mushe ya raba mu rukuni-rukuni don ekspoze. Mutum biyar ne, biyu suka yi aikin, ɗaya daga cikin biyun ya yarda ya tsaya gaban allo. In harshensa ya sarƙe, ko ya faɗi shekara ba daidai ba, shi aji zai yi wa dariya, shi za a laƙaba wa suna har ƙarshen shekara. Ukun da ba su buɗe kaye ba suna zaune lafiya. Zango na gaba ka nemi mai tsayawa gaban allo ka gani.

Masana falsafa suna da suna ga wannan matsala. A 1976 Bernard Williams na Ingila da Thomas Nagel na Amurka suka yi rubutu a kan yadda sa'a ke shiga cikin yabo da zargi. Muna cewa ba a kama mutum sai da abin da ke hannunsa, amma a aikace muna hukunta shi da yadda abin ya ƙare, kuma ƙarshen ba a hannunsa yake ba. Ƴan baya biyu suka miƙa ƙafa iri ɗaya, da niyya ɗaya. Ta ɗaya ta fita kwana aka tafa masa, ta ɗayan ta shiga aka zage shi. Tsakaninsu bai wuce faɗin yatsa biyu a bakin takalmi ba. Williams ya kawo misalin direban babbar mota da ya take yaro ba da laifinsa ba. Duk wanda ya san hanyar Tawa zuwa Arlit ba ya buƙatar a yi masa bayanin misalin. Abin da Williams ya lura da shi shi ne, ko da kowa ya ce wa direban ba laifinka ba ne, akwai wani ciwo da zai ji wanda ɗan kallo ba zai ji ba, kuma da bai ji ba da mun yi shakkar mutuncinsa.

Ba sai mun je Ingila ba ma. Wanda ya zauna gaban malam ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid ya san an raba kisan ganganci da na kuskure. A na kuskure, diyya ba a kan wanda abin ya faru a hannunsa kaɗai take ba, danginsa na wajen uba ne ke haɗuwa su ɗauka. Amma kaffara tana kansa shi kaɗai, ba mai yi masa azumin wata biyun nan. Ku dubi yadda aka tsara: nauyin da za a biya a bainar jama'a an raba shi ga jama'a, abin da ke tsakanin mutum da zuciyarsa da Ubangijinsa an bar masa. Ban ce ƙwallo da rai ɗaya ba ne, Allah ya kiyaye. Abin da nake nufi, tunanin cewa kuskuren mutum ɗaya yana iya zama kayan da ƙungiya za ta ɗauka ba baƙo ba ne a wurinmu. Allon ci ya riga ya rubuta asarar a kan ƙungiya duka. Shi kuma wanda ya yi, ciwonsa na nan tare da shi, ba ya buƙatar a ƙara masa da tawada.

Duk wanda ya yi zancen cin gida sai ya kawo Andrés Escobar, ni ma ba zan tsallake ba, amma da taka-tsantsan. Ɗan bayan Kolombiya ne, ran 22 ga Yuni 1994 ya miƙa ƙafa don tare bugun John Harkes na Amurka, ƙwallon ta shiga ragarsu. Ran 2 ga Yuli, kwana goma bayan haka, aka harbe shi a Medellín yana da shekara 27. Yana da sauƙi in ce ga abin da rubuta suna ke jawowa. Ba zan ce ba, don ba gaskiya ba ne. Ko da an rubuta Harkes a littafi, duniya ta ga ƙafar da ta taɓa. Steve Smith ma shaida ne: littafi ya rufa masa asiri, amma har yau a Kanada ba mai kiran wannan ci da sunan Berezan. Littafi ba ya mulkin abin da mutane za su tuna. Iyakar abin da yake iyawa shi ne ya ƙi sa hannu a kan zargin, ya bar wa masu zagi zaginsu ba tare da hatimi ba.

Abin da ya ɗaga Smith ba daga takarda ya fito ba. Shekara ta zagayo, ran 31 ga Mayu 1987 Edmonton ta sake ɗaukar kofin. Al'adarsu ita ce a miƙa wa kapitan, shi kuma ya zaɓi wanda zai fara ba. Gretzky ya juya ya ba Steve Smith. Smith ya ƙara cin kofin da su a 1988 da 1990, kuma (duniya ke nan) a Calgary ya ƙare wasansa.

Yanzu ɗaya gefen, wanda ba a cika dubawa ba: shi wanda aka ba abin da bai yi ba fa? Nan ne nake rabuwa da dokar masu ƙanƙara. Na fahimci dalilinta. A wasan nan faifan yana dukan sanda da takalmi da gwiwa sau da yawa kafin ido ya ƙifta, in aka ce sai an tantance kowane gogi, ba za a gama ba. Kuma hana rubuta taimako da suka yi kamar wata ƴar alama ce cewa su ma sun san cin ba cikakke ba ne. Duk da haka, taɓawa ta ƙarshe ma'auni ne makaho. Bai bambanta wanda ya matsa har abokin gaba ya rikice da wanda faifan ya daki ƙirjinsa ba. Lawal ya yi gudu, ya kai ƙwallo inda gola ba ya son ta, ya tilasta masa ya yanke shawara cikin rabin daƙiƙa. Kuskuren Zubizarreta ɗan aikin Lawal ne. Berezan kuwa ya tura faifan ne don ya samu ya huta, Smith ya ɗauka, ya duba, ya yi nasa shi kaɗai. Sa su a layi ɗaya zalunci ne ga Lawal, kuma ina jin nauyi ne ga Berezan, wanda duk inda aka gabatar da shi a matsayin mai wannan ci, shi da mai gabatarwar sun san yadda aka yi.

Mu ƴan Nijar ya kamata mu fi kowa gane bambancin nan, don mun taɓa cin gajiyar kuskuren wani a gaban duniya. Ran 8 ga Oktoba 2011, Mena ta sha kashi 3 da 0 a hannun Masar. A daidai lokacin Afirka ta Kudu tana wasa da Saliyo, kuma mai horar da su, Pitso Mosimane, ya ɗauka canjaras ya ishe su, don yana lissafi da yawan ƙwallaye. Suka riƙe 0 da 0, aka busa, suka yi ta rawa a fili. Ashe dokar gasar ta ce in maki ya zo ɗaya, sakamakon karawa tsakanin masu kunnen dokin ake dubawa. Mu uku kowa na da maki 9, a tsakaninmu kuwa Nijar na da 6, su biyun 5 da 5. Haka Mena ta tafi Kofin Afirka na 2012, karo na farko a tarihi. Wannan cin gida ne na mutanen da ba su karanta doka ba. To a ce Mena ba ta cancanta ba? Ina! Maki taran nan a Yamai aka tara su, wasa uku, nasara uku, har da doke Masar mai riƙe da kofi da ci ɗaya na Moussa Maâzou a Oktoban 2010. Kuskuren wani ya buɗe ƙofa, amma ƙafarmu ce ta kawo mu bakinta. Mena ta Lawal ce, ba ta Berezan ba. Sai dai wanda zai ba da labarin ya tsallake 3 da 0 ɗin da rawar ƴan Afirka ta Kudu, shi ma ya rage wani abu.

Akwai wuri biyu da rufin asiri ba shi da hurumi, kuma nan ne abokaina na fada suke da gaskiya. Na farko ganganci. Ran 31 ga Oktoba 2002 a Madagaska, ƙungiyar SO l'Emyrne ta ji haushin alƙalancin da aka yi mata a wani wasa da ya gabata, sai ƴan wasanta suka yi ta jefa ƙwallo a ragarsu da gangan, aka tashi AS Adema na da 149, su ba ko ɗaya. A nan wa za ka ba taɓawa ta ƙarshe? Ƴan Adema tsaye suke suna kallo. Wanda ya yi da niyya ya riga ya sa hannu a aikinsa, a rubuta shi, kuma hukumar ƙwallonsu ta dakatar da mai horarwar da wasu ƴan wasan.

Na biyu ya fi kusa da gida. Da yawanmu ƴaƴan ma'aikata ne, wasu a ramin gawayin Anu Araren da tashar kuran ta SONICHAR da ke haska Ciro da Agadas da Arlit, wasu a ma'adinan yuraniyom. Wasunmu can za su nemi aiki in an gama karatu. A irin waɗannan wurare, ko a asibiti, ko wurin ajiyar kuɗin ƙungiya, littafi yana da wani aiki daban da na filin wasa. Ci a balo ya wuce, ba a gyara shi. Amma in na'ura ta tsaya ko wani ya ji rauni, dole a san hannun wa ya taɓa mi, da ƙarfe nawa, don kar gobe ta maimaita a kan wani. A rubuta "wanda ya taɓa a ƙarshe daga ɗaya ɓangaren" a nan, hauka ne. Sai dai ko a nan akwai dabara da masu jiragen sama suka koya da tsada. A ƙa'idar hukumar jiragen sama ta duniya, ICAO, binciken haɗari ana yin sa ne don hana wani haɗarin, raba laifi aikin wasu ne daban. Dalili kuwa shi ne wanda muka gani a gaban allo: in faɗin gaskiya na nufin a manna maka suna, kowa zai yi shiru, a rasa gaskiyar da sunan gaba ɗaya. Ana rubuta komai dalla-dalla, har da ɗan tsakiyar da ya zubar da ƙwallo da wanda ya tsaya hannu a ƙugu, kuma ba a liƙa takardar a bango don ƴan kallo.

Babban hutu na tafe, za a sake gasar unguwanni, kuma kamar kullum wani daga cikinmu ne zai riƙe kaye da biro a bakin fili, don akwai ƴar kyauta ga wanda ya fi zura ƙwallo. Mu ba FIFA ba ne, ba mai tilasta mana csc. Ga abin da zan kawo a taron shirya gasar. In ɗan gaba ya buga ko ya kwaso ƙwallo cikin gida, ɗan baya ko gola ya taɓa ta cikin ƙoƙarin tarewa ta shiga, a rubuta wa ɗan gaban, ko bugun raga ya nufa ko bai nufa ba. In ba wanda ya matsa, mutum ya mayar wa golansa ta wuce, a rubuta sunan unguwar da ta amfana, layin mai ci a ja masa zare, kuma wannan ba ta shiga lissafin kyauta. In da gangan ne, a rubuta suna, kwamiti ya zauna.

Na san inda za a kama ni. Wa zai ce an matsa ko ba a matsa ba? Dokar ƙanƙara da ta balo duka suna da daɗin cewa ba sa neman ra'ayin kowa, ido kawai suke nema, tawa kuwa tana neman hukunci, kuma inda hukunci yake akwai gardama da son kai. Haka ne. Shi ya sa zan ƙara cewa a yanke kafin a bar fili, alƙali da kapitan biyu da mai kaye, tun kowa na tuna abin da ya gani, kuma in sun kasa daidaitawa a ja zare. Wanda ke da shawarar da ta fi wannan ya rubuto wa fitowa ta gaba, ko ya same ni a taron.